Taka, Riƙe, Ɗaga

Duk wanda ya saba hawa mota daga Ƙanƙara zuwa Faskari, ko ya zarce Sabuwa ranar kasuwa, da wuya a ce bai san Malam Gide na 'Yargoje ba. Shi ne siririn dattijon nan mai tsohuwar wagon ruwan ƙasa, wanda ba ya gudu ko da fasinja za su cinye shi da mita. Matasan direbobi na tasha suna yi masa tsiya, wai in ka shiga motar Baba Gide da ɗanyen tumatir, da kauɗa za ka sauka. Shi dai sai ya yi murmushi ya gyara hula. Shekara talatin da shida yana bin hanyar nan, bai taɓa take ko kazar wani ba. In aka tambaye shi sirrin, sai ya ce tsarewar Allah ce, bayan ita kuma sai burki.

Abin da 'yan tasha ba su sani ba shi ne, burkin nan aikin mutum biyu ne, na biyun kuwa matarsa ce, Hajaratu.

Burkin mota da mai yake aiki, babban maƙiyinsa kuma iska. In ta sami kafa ta shiga bututun da man ke bi, sai ka taka ka ji kamar ka taka buhun auduga, ƙafa ta tafi har ƙasa, motar kuwa ko a jikinta. Fitar da iskar nan shi makanikai ke kira bilidin, kuma a gida mutum ɗaya ba ya yin sa. Wani zai zauna a kujerar direba yana taka burki, wani ya tsuguna wurin taya da sifana yana kwance wani ɗan noti da man ke fita ta cikinsa. Na ƙasa shi ke ba da umarni. Na sama ya taka sau uku ko huɗu ya riƙe, na ƙasa ya buɗe, mai ya fito da kumfa, burki ya nutse, na ƙasa ya ɗaure, sannan na sama ya ɗauke ƙafa. In ya ɗauke kafin a ɗaure, iskar da aka kora sai ta dawo har da ƙawayenta.

Malam Gide bai taɓa yarda ya bar wa gareji wannan aikin ba. Inji, giya, waya, duk wanda ya iya ya taɓa, amma ban da burki. Tun yana da jini a jika ya fasa katangar bayan gidansa ya sa ƙyauren langa-langa, don motar ta riƙa shigowa har tsakar gida, tsakanin rumbu da turken awaki. A nan Hajaratu take hawa kujerar direba ba tare da idon maza ya gan ta ba. Tana da wani ɗan matashi na musamman da take sawa a bayanta don ƙafarta ta kai. Ba ta taɓa matsar da mota ko taku ɗaya ba, amma a gidan nan mijinta ba ya kiranta da wani suna sai Direba.

Duk makanikin da ka sani, kalma uku yake amfani da su a wannan aiki: taka, riƙe, saki. Malam Gide biyun farko kawai yake faɗa. Ta ukun kuwa tana da tarihi.

Aurensu na da shekara biyu ranar da ya fara ɗora ta kan kujerar. Ya yi mata bayani sama-sama irin na maza, ya koma bayan mota. Ya ce taka, ta taka. Ya ce riƙe, ta riƙe. Ya ɗaure noti ya ce, saki. Yarinya ba ta san abin da za ta saka ba, sai ta saki sitiyari, ƙafa na nan danne. Ya ɗaga murya ya sake cewa saki. Ƙafa ba ta motsa ba. Haushi ya kama shi, ya kwatsa na uku da ƙarfin da har maƙwabta suka ji. Gwaggonsa Suwaibatu, Allah ya jiƙanta, tana daka a bayan katanga, ashe tana lissafi da yatsu. Sai ga ta ta faɗo gidan da taɓarya a hannu tana salati, tana cewa Gide ya kashe aure har uku a kan ƙarfen Nasara. Hajaratu da ta ga Gwaggo na kuka, ita ma ta fashe da nata, ba ta ko sauko daga motar ba. Kafin la'asar magana ta kai gaban liman. Liman ya saurara har ƙarshe, ya rufe baki da hannun riga don kada a ga dariyarsa, ya ce aure na nan daram, burki aka ce a saka, ba mata ba.

An yi shekaru ana ba da labarin nan a 'Yargoje ana dariya. Shi Malam Gide bai taɓa yin dariyar ba. Ya ga fuskar matarsa a lokacin da ta zaci gaske ne, kuma wannan fuskar ba ta bar shi ba. Daga ranar ya cire kalmar daga bakinsa muddin yana cikin gida. Ko akuya za a kwance, sai ya ce a kwance ta. A wurin burki kuwa ya maye gurbinta da ɗaga. Taka, riƙe, ɗaga. Haka suka yi ta yi shekara talatin da huɗu, har ya zama in suna aikin ba ka ce mutum biyu ne ba.

'Ya'ya suka girma suka watse. Hamida tana aure a Ruwan Godiya. Mas'ud, ɗansu na fari, ya zama babban makaniki a Funtuwa, da garejinsa. Gida ya rage daga tsoho sai tsohuwa sai awaki. Daka ya koma wurin inji, ruwa 'yan garuwa ke kawowa, jikoki sai da salla. Aikin da ya rage wanda ba a iya yi sai da Hajaratu, shi ne burkin nan. Ranar da za a yi shi takan gama shara da wuri, ta ɗaura zane mai kyau kamar mai zuwa suna, ta kakkaɓe matashinta. Mas'ud ya sha faɗa a waya cewa Inna ta tsufa, a bar ta ta huta, a kawo masa motar, yana da na'urar da ke zuƙe iska cikin minti goma. Malam Gide yakan ce to, ya kashe waya. Ya san in motar ta je Funtuwa sau ɗaya, shi ke nan, matarsa ta sauka daga kujerar nan har abada, kuma ya san abin da hakan zai yi mata.

A kakar bana ne abin ya zo. Wani tiyon burki na baya ya tsage, Malam Gide ya sayo sabo a Ƙanƙara ya sa da safe. Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da kututture, ya cire tayoyi, ya cika gwangwanin man burki.

"Direba, a shiga ohis," in ji shi.

Suka bi tayoyin yadda aka saba, daga ta baya mafi nisa da direba har zuwa ta gaba da ke kusa da shi. Aikin da ba ya wuce rabin awa. Da ya hau ya gwada, burki ya tafi ƙasa salun-alun. Suka sake zagayawa. Kumfa ta yi ta fita kamar ana wanki, amma ba ta ƙarewa.

Ya fara da zargin kansa, abin da ba kowane namiji ke yi ba. Ya duba ko ya bar gwangwanin ya ƙafe har ya sha iska, ya tarar da mai a cike. Ya bi bakin sabon tiyon da yatsa ko yana tsiyaya, ya ji shi a bushe. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi, ya bi bututun ƙarfen nan tun daga gaba har baya yana shafawa da farin tsumma, bai ga ko ɗigo ba. Washegari ya ce man ne, wataƙila ya daɗe a buɗe ya sha raɓa. Ya zubar ya sayo sabo da hatiminsa. Duk ɗaya. Daga nan ya koma kan masta, wato tukunyar da ke tura man in an taka burki. Ya kwance ta, ya wanke, ya canja robobinta, yana yi yana yi mata faɗa kamar tana ji. Fasinjojinsa na Pauwa suka yi ta kiran waya suna tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, motar ce ke mura.

Rana ta uku aka yi zafi. Hajaratu, wadda kullum take rufe ƙofar motar saboda wani ɗan akuya mai shisshigi, ta bar ta a buɗe don ta sha iska. Malam Gide yana zaune wurin tayar baya ta ɓangaren direba, daga nan kuwa yana hango gwiwarta. Ya ce taka, gwiwa ta yi ƙasa sau uku. Ya ce riƙe, ta tsaya. Ya buɗe noti, mai ya fara fita, sai ya faɗi abin da ya saba faɗa a daidai nan don ta bi burkin har ƙasa. Ya ce, taka.

Gwiwar ta yi sama.

Yana kallo man da ke bakin notin ya koma ciki, ya ja iska da ɗan sauti kamar mai kurɓar koko. Ya ɗaure. Can ya sassauta murya yadda ya saba ya ce ɗaga, sai ya ga ta danna.

Sifanar ta yi masa nauyi a hannu. Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Rediyon da yanzu take ƙure wa murya. Yadda take tsura wa bakinsa ido in yana magana, har ya ɗauka wani sabon so ne ya taso mata da tsufa. Sallamar maƙwabciya da ta yi sau uku ba a amsa ba, har aka ce Hajaratu ta fara girman kai. Ashe kunne ne. Taka da ɗaga kuwa, in kunne ya yi nauyi, tagwaye ne. Tausayinta ya kama shi, ya kuma ji kunyar kansa. Yana jin ƙarar da bai yarda da ita ba a cikin inji tun kafin fasinja su ji, amma matar da suke ci a kwano ɗaya ta yi wata da watanni tana fama bai lura ba.

Ya tashi ya ce mata su sha ruwa, mastar nan ce dai ba ta da mutunci.

Ya zauna gindin rumbu yana saƙa da warwara. Da wani aikin ne, da sai ya yi mata kara, ya ce ya yi kyau, ya gyara a ɓoye. To burki bai san kara ba. Mutum goma yake ɗauka, da mata da goyo, ga gangara ga shanun da ke tsallaka titi ba sallama. Ba zai fita da motar a haka ba. Ko dai ya kira Mas'ud, ko kuma ya dawo da kalmar da ya binne, tunda ita ba ta kama da taka ko kaɗan. Ya gwada ta a zuci. Ya motsa leɓe ya gwada ta ba murya, yana kallon awaki. Ta ƙi fita.

Hajaratu ce ta kawo masa ruwan a kofin silba. Ta tsaya a gabansa inda za ta ga bakinsa sosai.

"Malam, bar wahal da kanka," ta ce. "Ba masta ba ce. Na ga sadda ka gani."

Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun daminar bara, bayan zazzaɓin nan da ya kwantar da ita. In yana gabanta ba ta da damuwa. Amma da ya koma bayan mota, sai ta riƙa jin sa kamar mai magana daga cikin rijiya. Riƙe tana gane ta. Sauran biyun kuwa canka take yi, wani lokaci ta dace. Ta ce kwana ukun nan duk robar da ya canja, ji take kamar naman jikinta ake yanka, amma ta kasa buɗe baki, don ta san abin da zai biyo baya.

"Ka hwaɗi waccan kalmar mana," ta ce. "Ita zan gane ta."

"Ba ni hwaɗi."

"Liman ya ce ba komi, tun muna yara."

"Liman ya ce. Ni ban ce ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta san taurin kansa, ta kuma san daga inda wannan ya fito, don haka ba ta ja ba. Ta juya ta nufi motar, ta sunkuya ta ɗauko matashinta, ta kakkaɓe shi duk da ba ƙura a jikinsa, ta rungume shi a ƙirji.

"To kira mutumin Huntuwa," ta ce, don har yau ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. "Rayukan mutane sun hi ƙarhin son raina. Na yi nawa."

Ta kama hanyar ɗaki. Malam Gide ya bi bayanta da kallo, ya ga yadda kafaɗunta suka sauka, ya ga tsufan da bai taɓa gani a jikinta ba ya hau ta tsakanin mota da bakin ƙofa. Zuciyarsa ta karye. Ya kira ta, ba ta ji ba. Sai ya tashi da sifana a hannu, ya sha gabanta.

Shi kansa bai san abin da zai ce ba sai da ya ga sifanar. Ya tambaye ta, a aikin nan wa ke buƙatar kunne? Ta ce na sama. Na ƙasa fa? Ya ce na ƙasa ido yake buƙata da baki, ita kuwa har gobe tana zura zare a allura ba tabarau, bakin kuma duk 'Yargoje an shaida. Ya kama hannunta ya sa mata sifanar.

Ta ce ya rufa mata asiri, ina ita ina ƙarfe. Ya ce wadda ta shekara arba'in tana murɗe wuyan tulu ta ɗora a ka, ɗan notin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ba zai gagare ta ba. Ya shimfiɗa mata tabarma wurin tayar baya mai nisa. Ya samo siririn tiyo ya cusa a bakin notin, ya sa ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai a ciki, don ta riƙa ganin kumfa da kyau, kada kuma man ya fantsar mata a ido. Ya nuna mata yadda za ta murɗa kaɗan, ba duka ba, da yadda za ta ɗaure ba tare da ta ci zaren notin ba. Ya sa ta yi sau biyar yana kallo. A na huɗu ta ture hannunsa ta ce ta gane, ai ba tuwon ƙasa take tuƙawa ba.

Sannan ya zagaya ya shiga kujerar. Ya zauna a kanta fiye da yadda ya zauna a kan kowace tabarma a duniya, amma bai taɓa zama a kanta don wannan aikin ba. Ya duba gabansa, ba abin da yake gani sai bangon rumbu. Ba ya ganin noti, ba ya ganin mai, ba ya sanin ko an buɗe ko an rufe. Ashe haka wurin yake. Shekara talatin da huɗu tana zaune a nan tana kallon rumbu, ba ta da komai sai muryarsa, kuma ko sau ɗaya ba ta tambaye shi ko ya tabbata ba.

"Taka!" Muryar ta zo daga baya, da ƙarfin masu nauyin kunne. Ya taka sau uku. Ta ce riƙe, ya riƙe. Burkin ya nutse a hankali ƙarƙashin ƙafarsa har ya taɓa ƙasa. Ya jira. Har ya fara tunanin ko notin ya ƙi ɗauruwa.

"Malam, ni dai bakina ba ya kashe aure," ta ce. "Saki!"

Ya ɗauke ƙafa. Yana jin ta tana ƙyaƙyata dariya ita kaɗai a bayan mota, irin dariyar da ya daɗe bai ji ba. Shi ma ya so ya yi, amma dariyar ta ƙi zuwa.

Suka sake, suka kuma sakewa. Tana ba shi labarin kumfa da ƙarfi kamar yana wani gari: manya sun wuce, saura 'yan ƙanana, ga wata ta maƙale a tiyo ta ƙi tafiya. Ta tuna masa ya sauka ya duba gwangwani kada mai ya ƙare, ya sauka ya ƙara ba musu. A zagaye na biyar, da ya taka, sai ya ji burkin ya tare shi tun daga sama, ya fara tauri kamar yadda ya san shi. Ya danna ya tsaya a kai.

"Ka riƙe?" ta tambaya.

"Na riƙe," ya ce.

Muryar ba ta fita sosai ba, ko mai lafiyar kunne da ƙyar zai ji ta daga can. Hajaratu ba ta ji ba, ba ta kuma sake tambaya ba. Ta sa sifana ta buɗe.